Farin layin da ya ratsa tsakiyar dutsen nan, ƙashin baya ne ko me?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani dutse da ke kan teburina yau wata huɗu ke nan, kuma ya hana ni sakat. Abokin aikina ne ya kawo mini shi tsaraba, ya ce na danne takardu ne. Baƙi ne wuluk, an goge shi yana sheƙi, faɗinsa bai wuce tafin hannuna ba. A jikinsa akwai wasu abubuwa guda uku farare masu kama da tsinin mashi, kowanne ya fara da faɗi ya je ya tsuke. Mafi tsawon cikinsu na auna shi da rula, santimita 11 ne. A ƙasan dutsen an manna 'yar takarda, an rubuta Orthoceras, Maroko.

Da fari na ɗauka ado ne aka zana. Sai wata rana da dare na ɗan shafa masa ruwa da yatsa, na haska shi da tocilar waya ta gefe, nan fa na ga abin da ya sa na kasa barci da wuri. Kowane mashi a rarrabe yake gida-gida, kamar an tsaga gora an ga gaɓoɓinta. Bangon da ke raba ɗakunan ba miƙaƙƙe ba ne, a lanƙwashe yake kamar an jera ƙoƙo cikin ƙoƙo, bayan ƙoƙon yana kallon tsini, cikinsa yana kallon baki mai faɗi. Na ƙirga ɗakuna 19 a babban. Na wajen tsini matsattsu ne, kamar milimita 2, na wajen baki sun kai milimita 7. Wasu ɗakunan cike suke da farin abu mai ƙyalli kamar ƙanƙara, wasu kuma baƙin dutsen ne ya cika su.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wani siririn layi da ya taso daga tsini ya ratsa kowane bango ta tsakiya, ɗaki bayan ɗaki, bai tsallake ko ɗaya ba. A babban mashin yana nan tun daga farko har ƙarshe. A na biyun ya tafi har rabi sai ya ɓace, kamar an share shi.

To ga tambayoyina, don Allah masana a taimaka. Dabba ce wannan ko tsiro? In dabba ce, a wane ɗaki take zaune, tunda kowane ɗaki a toshe yake? Layin nan na tsakiya ƙashin baya ne? Sannan shekarunsa nawa? Ina son in fahimci abin sosai, don yarana sun fara tambayata kuma ina son in ba su amsar da take daidai.

Tsohon Malamin Duwatsu ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka iya kallo. Yadda ka siffanta lanƙwasar bangon nan, ko ban ga dutsen ba na san abin da ke hannunka.

Dabbar teku ce, daga dangin da ake kira sefalofod, ma'ana masu ƙafa a ka, dangin oktofus mai hannaye takwas da sukwid mai hannaye goma. Abin da kake gani kwansonta ne aka yanka ta tsawo. Dabbar ba ta zaune a ko ɗaya daga ɗakunan da ka ƙirga. Ɗakinta shi ne na ƙarshe ta wajen baki mai faɗi, dogo ne, ba shi da bango a gaba, kai da hannaye suna leƙowa waje. Sau da yawa wannan ɗakin ne yake fara murƙushewa bayan mutuwa, shi ya sa da wuya ka same shi a irin waɗannan duwatsu. Ɗakuna 19 ɗin nan gidajen da ta taɓa zama ne ta tashi. In ta ƙara girma sai ta ƙara tsawon bakin kwanso, ta ja jikinta gaba, ta gina sabon bango a bayanta. Tana jaririya ta gina na wajen tsini, shi ya sa suke ƙanana. Ka ga rularka tarihin girmanta ta auna.

Layin tsakiya kuwa ba ƙashin baya ba ne, dabbar ba ta da ƙashi ko ɗaya. Sunansa sifankul. Bututu ne, kuma a cikinsa akwai igiyar nama mai rai, mai jijiyoyin jini, wadda ta taso daga bayan dabbar ta bi ta cikin duk tsofaffin ɗakunanta har zuwa na farko. A wurina wannan bututu shi ne kan maganar gaba ɗaya, bari in ɗan tsaya a kansa.

Duk sabon ɗakin da aka rufe cike yake da ruwa. Igiyar naman sai ta dinga janye gishirin da ke cikin ruwan tana tura shi cikin jini. Da ruwan ɗakin ya rage gishiri, sai shi da kansa ya bi gishirin ya tsiyaye zuwa cikin jini, dabbar ta fitar da shi. Gurbin da ruwa ya bari sai iska ta tsattsafo daga jini ta shiga, mafi yawanta naitirojin. Ɗaki ya zama fanko, nauyin dabba da kwanso ya daidaita da nauyin ruwan teku, ba ta nutsewa ba ta tasowa, tana rataye a tsakiyar ruwa ba tare da ta wahala ba. Mun san haka ne saboda akwai ɗan'uwansu mai rai har yau, notilus, a tekunan da ke kewaye da Filifin da Fiji da Palau da arewacin Ostireliya. Masana biyu 'yan Ingila, Eric Denton da John Gilpin-Brown, sun bincike shi, suka wallafa sakamakon a 1966. Sun gano cewa ƙarfin iskar da ke cikin ɗakunan bai ma kai na iskar da muke shaƙa a doron ƙasa ba, alhali dabbar tana ɗaruruwan mitoci a ƙarƙashin ruwa. Wato ba iska ce ke tokare teku ba, ƙarfin kwanso da bangayen nan ne. Shi ya sa yake da iyaka: in notilus ya kai zurfin kamar mita 800, kwanson fashewa yake yi ta ciki.

Mutane suna yawan cewa kamar jirgin ruwan yaƙi mai nutso yake, ya cika ɗakuna da ruwa ya sauka, ya zubar ya hau. Wannan kwatance ba na son sa. Kwashe ruwan ɗaki guda aikin makonni ne. Hawa da sauka da tafiya, da wani mazurari na nama yake yin su, ya zuƙi ruwa ya feso shi da ƙarfi ya tafi da baya.

Game da shekaru: baƙaƙen duwatsun nan ana haƙo su ne a kudu maso gabashin Maroko, yankin Tafilalt, kusa da Erfoud, kuma yawancinsu na ƙarshen zamanin Siluriyan ne zuwa Deboniyan. Ka ce wa yaranka wajen shekaru miliyan 400. Inda yake hamada yau, a lokacin ƙasan teku ne a gefen wata tsohuwar babbar nahiya da ake kira Gondwana.

Amma dangin sun girmi dutsenka nesa ba kusa ba. Mafi tsufan wanda masana suka yi ittifaƙi a kansa shi ne Plectronoceras, daga duwatsun arewacin ƙasar Sin, na ƙarshen zamanin Kambiriyan, kimanin shekaru miliyan 490. Ɗan mitsitsi ne, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, mai 'yar lanƙwasa kamar ƙaho, ɗakunansa a cunkushe, amma da bututunsa. Daga wannan ƙaramin abu, da aka shiga zamanin Odobishiyan, wanda ya fara wajen shekaru miliyan 485, sai iri ya barbazu: miƙaƙƙu, lanƙwasassu, masu tumbi kamar tulu, da waɗanda suka naɗe kansu. Kifaye a lokacin ƙanana ne, galibinsu ko muƙamuƙi ba su da shi, saboda haka waɗannan masu kwanson suna cikin manyan mafarautan teku. Akwai guntun kwanson Endoceras a gidan tarihi na Jami'ar Harvard mai tsawon kamar mita 3, an ƙiyasta cikakkensa ya kusa mita 6. In ka ga an rubuta mita 9 ko 10 a intanet, daga wani tsohon rahoto ne da ba a tabbatar da shi ba, kada ka kama shi.

Layin da ya ɓace a na biyun, wuƙar masu yanka ce ta kauce. Bututun siriri ne, in yankan ya ɗan karkace sai ya bi shi zuwa rabi ya fita. Yana nan cikin dutsen, ko sama kaɗan aka goge shi ya tafi. Farin abu mai ƙyalli kuma wani ma'adini ne mai suna kalsayit da ya tsiro a ɗakunan da suka zauna a rufe, baƙin kuwa laka ce ta shiga inda kwanso ya tsage.

Abu Gatari ya rubuta:

Malam ya gama magana, sai dai ina da gyara kan takardar da aka manna. Sunan Orthoceras wani Bafaranshe mai suna Bruguière ne ya sa shi a 1789, ma'anarsa miƙaƙƙen ƙaho. Daga nan ya zama jakar magori, duk kwanson da aka tsinta miƙaƙƙe sai a jefa shi ciki. Da aka zo aka tantance, Orthoceras na ainihi na tsakiyar Odobishiyan ne, daga yankin tekun Baltik, irin su Istoniya da Suwidin. Na Maroko sun zo bayansa da miliyoyin shekaru, masana suna sa su a wasu jinsunan kamar Michelinoceras da Temperoceras. 'Yan kasuwa ne suka riƙe tsohon sunan don ya fi sanuwa. Dangi ɗaya ne, amma ba shi ba ne.

A tsibirin Oland na Suwidin ma an daɗe ana fasa dutse mai irin waɗannan kwansuna ana shimfiɗa daɓe da matakala da shi a arewacin Turai, mutane suna takawa ba su lura ba.

Mai Neman Sani, duba mini abu ɗaya. Tsinin ukun nan, gefe guda suke kallo ko kowanne da inda ya nufa?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Malam, Allah ya ƙara ilimi, ya saka da alheri. Na karanta sau uku. Na koma na sa ido a kan bututun, sai na ga a duk inda ya huda bango, bangon ya ɗan tanƙwaro baya kamar wuyan kwalba ya rungume shi. Da ban lura da wannan ba. Jikina har tsuma ya yi da na tuna jini ya taɓa gudana ta nan.

Yaya Abu Gatari, biyu suna kallon gefe guda, kusan a jere, na ukun ya ɗan gicciye.

Wata tambayar ta taso mini. In ɗakunan baya cike suke da iska, dabba kuma da nauyinta tana gaba, ai tsinin zai ɗaga sama kai ya yi ƙasa, kamar an tura kwalbar da ba komai cikin ruwa. To a tsaye suke yawo ke nan, kai a ƙasa? Hotunan da nake gani duk a kwance ake zana su kamar kibiya. Sannan kafin wannan Plectronoceras ɗin, me ke akwai? Bututun nan dai bai faɗo daga sama ba.

Abu Gatari ya rubuta:

Jeruwar nan alamar igiyar ruwa ce. Kwansunan matattu sun taru a ƙasan teku, ruwa ya jera su kamar yadda yake jera kara a bakin rafi. Da irin wannan ake gane inda ruwa yake nufa a tekun da ya ƙafe tun tuni.

Maganar tsayuwa kuwa ka taɓo inda masana suke ja-in-ja. Da yawa daga cikin miƙaƙƙun nan sun riƙa zuba wani nauyin ma'adini a ɗakunan wajen tsini ko a cikin bututun, an daɗe ana cewa don ya danne tsinin ne dabba ta kwanta. An kuma samu wasu da sauran zanen launi a gefe guda kawai, abin da ya dace da dabbar da ke da baya da ciki. Amma a 'yan shekarun nan an ƙera kwatankwacinsu aka jefa a ruwa, aka ga mafi yawansu a tsaye suke komawa, tsini sama kai ƙasa. Ni na fi karkata ga tunaninka. Waɗanda suka naɗe kwansonsu su ne suka huta da matsalar, don iska ta koma saman dabbar kai tsaye, kuma juyawa ta yi sauƙi.

Ɗalibar Teku ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Bari in ɗauki rabin tambayar na biyu, don shi ne abin da ya fi ja na a wannan fanni.

Kafin a yi maganar bututu sai an yi ta kwanso. Dabbobin farko a teku masu laushin jiki ne. Daga cikin na farkon da suka gina wa kansu gida mai tauri akwai Cloudina, wadda Gerard Germs ya bayyana daga duwatsun Namibiya a 1972, mai shekaru kusan miliyan 550. 'Yar bututu ce kamar an cusa mazurari cikin mazurari. Ba kakar notilus ba ce, amma akwai darasi a jikinta: a 1992 an ba da rahoton wasu da aka samu a ƙasar Sin da 'yan ramuka zagayayyu a jikinsu, irin na wanda ya huda don ya ci abin da ke ciki. Tun ran gini tun ran zane, da kwanso da mai fasa kwanso tare suka taso. Da aka shiga Kambiriyan, wajen shekaru miliyan 539, sai ga ƙananan kwansuna birjik, masu milimita ɗaya ko biyu, wasunsu kamar 'yar hula, na dangin dodon koɗi na farko masu rarrafe a ƙasan teku.

Daga cikin masu hular nan ake ganin sefalofod suka fito. Akwai wani rukuni nasu da a da aka yi zaton ya ƙare tun Deboniyan, sai a 1952 jirgin binciken Denmak mai suna Galathea ya jawo masu rai daga zurfin fiye da mita 3,500 a tekun Fasifik kusa da Kosta Rika, aka sa musu suna Neopilina. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji daɗi, abu yana can yana rayuwarsa ana nan ana rubuta tarihin mutuwarsa.

To ka ɗauki mai hular nan, hular ta yi ta tsawo ta zama ƙaho. Dabbar ba ta buƙatar can ƙuryar, sai ta toshe ta da bango. Wannan ba abin mamaki ba ne, akwai dodon koɗin teku da yawa da suke yin haka har yau. An samu wani mai suna Knightoconus a duwatsun Kambiriyan na Antatika, doguwar hula mai bangaye da yawa a ciki, amma babu bututu. Shi ya sa nake goyon bayan Malam cewa bututun ne sabon abu. Bango ba tare da bututu ba, ɗaki ne cike da ruwa, kaya ne kawai a ka. Bayanin da aka fi kawowa shi ne wani ɗan zaren nama ya zauna a manne da ƙuryar kwanso lokacin da jiki ya ja gaba, bango ya zagaye shi, kuma da yake fatar irin waɗannan dabbobi dama tana iya sarrafa gishiri, sai kwanso ya fara sauƙi. Ko sauƙi kaɗan riba ce ga mai jan gida a baya. A hankali mai rarrafe ya bar ƙasa.

A 2021 wasu masana daga Jami'ar Heidelberg sun ce sun samu masu bututu a Newfoundland ta Kanada da suka kai shekaru miliyan 522, amma wasu sun musa cewa sefalofod ne, don haka Plectronoceras yana nan a matsayinsa.

Tsohon Malamin Duwatsu ya rubuta:

Madalla da ɗiyata Ɗalibar Teku. In ƙara abu ɗaya, don dutsen ɗan'uwanmu ya fito ne daf da wata mararraba. A farkon Deboniyan, daga cikin miƙaƙƙun nan wani reshe ya ɓalle ya fara naɗewa, shi ne ya zama amonayit. In kana son bambanta su da dangin notilus, dubi bango da bututu: na notilus bangonsa sassauƙa ne kamar ƙoƙon da ka gani, bututu ta wajen tsakiya, na amonayit kuwa gefen bangonsa ya yi ta kitsewa har ya zama kamar zanen ganye, bututu kuma yana can gefen waje a yawancinsu. Yankin Tafilalt ɗin nan yana cikin wuraren da aka fi samun amonayit na farko-farko. Dangin sukwid da oktofus su ma ta wannan sashe suka fito, sai dai su sun mayar da kwanso cikin jiki, wasu suka rage shi har ya kusa ɓacewa.

Miƙaƙƙu irin naka sun yi ta raguwa har suka ƙare, amonayit suka cika teku, sannan shekaru miliyan 66 da suka wuce, lokacin da dutsen sama ya faɗo a Yukatan ta Meziko, suka tafi tare da dainoso, manyan dabbobin nan na zamanin da. Notilus ya tsira. Dalilin da ya fi gamsar da ni shi ne ƙwai. Jaririn amonayit bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, yana yawo a saman teku inda abinci ya yanke. Notilus kuwa manyan ƙwai kaɗan yake yi, su yi kusan shekara kafin su ƙyanƙyashe, ɗan ya fito da kwanso mai kusan santimita 3, yana iya kiwo a ƙasa, kuma dabba ce mai jure yunwa. Wannan jinkirin ne kuma yake cutar da shi yau, don sai ya haura shekara 10 kafin ya fara haihuwa, masu kamun kwanso kuwa ba sa jira. A 2016 aka sa dangin notilus gaba ɗaya cikin jerin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES mai taƙaita cinikin dabbobin da ke cikin haɗari.

Mai Neman Sani ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam, Yaya Abu Gatari, da 'yar'uwa Ɗalibar Teku. Jiya da yamma na zaunar da yaran, na ba babbar rula, ƙaramin ya riƙe tocila. Mun auna ɗakunan ɗaya bayan ɗaya muna rubutawa. Suna ta ƙaruwa har na 17, sai na 18 da na 19 suka matse, na ƙarshen bai fi milimita 4 ba. Mun sake aunawa sau biyu, haka yake. Malam, wannan matsewar ta ƙarshe fa?

Tsohon Malamin Duwatsu ya rubuta:

Alama ce mai kyau. Notilus na yau ma haka yake yi: in ya kusa gama girma, bangayen ƙarshe sai su matso kusa da juna, daga nan ya daina gini. Wahala ko ciwo suna iya jawo matsewa a tsakiyar kwanso, amma in ta zo a ɗakuna biyun ƙarshe kamar naka, an fi ɗaukarta shaidar balaga. Ka ce wa yaran dabbar tasu ta girma kafin ta mutu. Ku duba gaba da bango na 19 da kyau, in kun ga siraran layuka biyu sun ci gaba babu bango a tsakaninsu, farkon ɗakin da ta zauna ke nan.